Arthur Worthington (1852–1916): Malamin da Ya Ɗauki Hoton Ɗigon Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fakewa a zaure ana sheƙa ruwa, a Gwaska ne ko Birnin Gwari ko wani gari na ƙasar Hausa, ya san yadda indararo ke ci gaba da ɗiga bayan an ɗauke. Ruwa ya taru a bakinsa, ya yi nauyi, ya saki, ya faɗa cikin ɗan kududdufin da ke ƙasa, a ji ɗis, shi ke nan. In aka tambayi mutum abin da ya gani, iyakarsa ya ce ɗigo ya faɗi, ruwa ya motsa. Alhali kuwa daga lokacin da ɗigon ya taɓa ruwa zuwa lokacin da ruwan ya lafa, an yi abubuwa da dama a jere, kowanne da siffarsa, amma dukansu ba su kai rabin sakan ba, saboda haka ido ba ya riskarsu.

Mutumin da ya fara zama musamman don gano waɗannan siffofi wani Baturen Ingila ne, malamin makaranta, mai suna Arthur Mason Worthington. Ya yi fiye da shekara talatin yana bin wannan al'amari da wasu za su ɗauka wasan yara ne. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a karanta bai tsaya ga abin da ya gano game da ruwa ba. Ya gano wani abu game da idonsa, watau cewa ya yi kusan shekara ashirin yana zana abin da ya fi gaskiya kyau, kuma da ya gane haka bai ɓoye ba.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Worthington a birnin Manchester ran 11 ga watan Yuni, 1852, watau zamanin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke bisa gadon sarauta a Sakkwato. Ya yi karatu a makarantar Rugby, sa'an nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Oxford. Daga nan ya ƙaro ilmi a Kwalejin Owens ta Manchester, kana ya tafi Balin ta ƙasar Jamus, inda ya zauna a gaban shahararren masanin nan Hermann von Helmholtz. Fanninsa shi ne fizikis, ilmin da ke nazarin motsi da nauyi da zafi da haske da lantarki.

Galibin rayuwarsa a aji ya yi ta. Ya riƙe hedimasta a Shipley, ya koyar da kimiyya a Kwalejin Clifton da ke Bristol a farkon shekarun 1880, daga bisani ya shiga aikin koyar da sojan ruwa. Ya yi kimanin shekara ashirin yana hedimasta kuma farfesan fizikis a Kwalejin Injiniyoyin Sojan Ruwa da ke Devonport, har zuwa 1909. Ya rubuta littafin koyarwa a kan motsin abubuwa masu juyawa, ya kuma yi bincike a kan yadda ake iya miƙar da abu mai ruwa-ruwa kamar yadda ake jan igiya. A 1893 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Duk wannan ba shi ne ya raya sunansa ba.

Yadda Abin Ya Faro

Wani ɗalibi ne ya buɗe masa ƙofa. A 1875 wani yaron makarantar Rugby mai suna H. F. Newall ya nuna wa ƙungiyar nazarin halittu ta makarantar wani abu da ya lura da shi. In aka turara gilashi da hayaƙin fitila har ya yi baƙi, sa'an nan aka bar ɗigon ruwa ko na zaiba ya faɗa a kai, ɗigon yakan share baƙin hayaƙin ya bar tabo. Tabon kuwa ba dunƙule yake ba. Zobba ne a cikin zobba, da 'yan layuka da suka fita daga tsakiya zuwa gefe, kamar adon faifai. Wannan yaro daga baya ya zama farfesan ilmin taurari a Cambridge, amma tambayar da tabonsa ya tayar hannun Worthington ta faɗa: wane irin motsi ɗigo ya yi har ya bar wannan sawu?

Matsalar ita ce ido ba ya sakin abin da ya gani nan take. Shi ya sa in yaro ya ɗauki bakin wuta da dare yana wulwulawa, sai a ga zoben wuta, alhali kuwa garwashi ɗaya ne ke yawo. Duk abin da ya faru da sauri irin na fantsamar ɗigo, siffofinsa sai su hau kan juna su cakuɗe. Amma akwai wata hanya da kowa ya sani ba tare da ya kula ba. In aka yi walƙiya a daren da ya yi baƙi ƙirin, akan ga bishiyar da iska ke kaɗawa ta tsaya cik, domin hasken bai daɗe ba balle a ga motsinta. Worthington ya yi niyyar ƙirƙiro irin wannan walƙiya a cikin ɗaki, ya kuma sa ta haska a daidai lokacin da ya ga dama.

Ga yadda na'urarsa ke aiki a taƙaice. Yakan ɗora ɗigon a kan wani ɗan ƙoƙon gilashi da aka turara da hayaƙi don kada ya manne. Can gefe kuma akwai wani ɗan ƙwallo a bisa irin wannan mazauni. Maganaɗisu mai aiki da lantarki ke riƙe da su duka biyu. Da an yanke wutar sai mazaunan su zame a tare, ɗigo da ƙwallo su kama faɗuwa lokaci guda. Ƙwallon ne agogo: idan ya kai wani wuri a faɗuwarsa sai ya sa tartsatsin lantarki ya tashi, ya haske ɗigon da ke can yana fashewa. In aka ƙara wa ƙwallon nisan faɗuwa kaɗan, walƙiyar za ta makara da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan, a ga mataki na gaba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan, domin a kansa sauran labarin ya rataya. Ba ɗigo ɗaya ake bi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kowane ɗigo sau ɗaya rak ake ganinsa, a mataki ɗaya. Don a sami mataki na biyu sai an saki wani ɗigon, na uku kuma wani. Tarihin fantsama guda, ashe, haɗe-haɗe ne daga ɗigo masu yawa, kuma wani ne zai zaɓi wanda zai shiga da wanda za a bari.

Shekarun Zane

A wancan lokaci farantan ɗaukar hoto ba su da saurin kama haske ƙanƙane irin na tartsatsi. Saboda haka Worthington ya dogara ga idonsa da fensirinsa. Ya zauna cikin duhu, ya saki ɗigo, walƙiya ta haska, siffar ta ɗan tsaya masa a ido, ya yi maza ya zana. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ya gamsu da wannan mataki, kana ya matsa gaba. A 1876 da 1877 ya buga sakamakon farko a mujallar Royal Society, a kan ɗigon da ya faɗa bisa abu mai tauri, a 1882 kuma ya buga na wanda ya faɗa cikin ruwa.

Zane-zanen nan abin sha'awa ne. Ɗigon zaiba ya faɗa kan gilashi, ya baje kamar faifai, ya fid da 'yan yatsu kewaye da shi, galibi ashirin da huɗu, kowanne tsawonsa daidai da na ɗan'uwansa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ɗaya. Sa'an nan yatsun su haɗe, faifan ya tsuke, ya koma tsakiya ya tashi tsaye. Ba inda ya karkace, ba inda ya fi wani kauri. Wanda ya duba sai ya ce maƙeri ne ya auna ya ƙera. Masana sun karɓa, shi ma ya gamsu, aka yi shekara goma sha takwas a haka.

Shekara ta 1894

Kafin nan sana'ar hoto ta ci gaba ƙwarai. An sami busassun faranta masu saurin kama haske. A 1878 Eadweard Muybridge ya ɗauki doki yana sukuwa a Amurka, aka ga inda ƙafafunsa huɗu suke a sama. A 1887 Ernst Mach ya ɗauki harsashi yana tafiya, a Ingila kuma Lord Rayleigh da C. V. Boys suka yi amfani da tartsatsin lantarki, na farko ya ɗauki tsartuwar ruwa da fashewar kumfar sabulu, na biyu ya ɗauki harsashi. Ganin haka Worthington ya nemi taimakon abokin aikinsa R. S. Cole, suka gyara na'urar, suka girka kyamara a inda ido yake a da. A farkon 1894, lokacin da Kano ke cikin yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, suka sami hotunan farko.

Ta wani fanni hotunan sun gaskata shi. Matakan da ya zana duk suna nan, kuma a jeren da ya ce. Amma kyan nan babu shi. Wani yatsa ya fi wani tsawo, wani ya rabu biyu, wani gefen ya riga wani tashi, 'yan ɗige-ɗigen da suka fallatsa sun watse yadda suka ga dama. Ba a sami fantsama ko ɗaya da ta yi daidai da zanensa ba, ba kuma biyu da suka yi daidai da juna.

Ran 18 ga watan Mayu na wannan shekara ya tsaya gaban jama'a a Royal Institution da ke Landan ya ba da lacca, wadda aka buga a 1895 da sunan The Splash of a Drop, watau fantsamar ɗigo. A nan ne ya yi abin da ba kowane malami ke iyawa ba. Ya shaida wa masu sauraro cewa ya koma ya binciki tsofaffin takardunsa, ya tarar ashe tun farko ya sha zana siffofi karkatattu. Idonsa ya gan su, hannunsa ya rubuta su. Amma da ya zo tsara tarihin fantsamar sai ya ture su gefe, saboda kowace karkata sau ɗaya take zuwa, ba ta maimaita kanta, shi kuwa abin da ke maimaituwa yake nema. Da haka kansa ya cika da surar wata cikakkiyar fantsama wadda mai yiwuwa ba a taɓa yin irinta ba a zahiri. Ya kuma bayyana yadda ido ke yaudarar mai shi: a ɗan hasken nan mutum sashe ɗaya yake iya kamawa sosai, sauran kuwa hankali ne ke cikewa, ya ɗauka can ma haka yake.

Bai dace a kira wannan ha'inci ba. Abin da Worthington ya yi shi ne abin da masana suka saba yi tun kafin a haife shi. Mai zana ganye a littafin tsirrai ba ya zana wanda tsutsa ta ci, yakan duba ganye ɗari ya fitar da siffar da ta haɗa su. Kuma lalle in ba a yi haka ba ilmi ba ya tsayuwa, don ba a koyar da abin da ba ya maimaituwa. Kuskurensa shi ne ya manta cewa shi ne ya yi zaɓen, har ya ɗauka haka ruwa yake. Manazartan harshe da adabi ba baƙi ba ne ga wannan tarko. Wanda ya ji tatsuniya ɗaya daga bakin tsofaffi goma, ya zauna ya fitar da guda wadda ya kira ingantacciya, ya zubar da inda wata ta yi tuntuɓen harshe da inda wata ta ƙara nata, ya fitar da abin da ba wadda ta faɗa daga cikinsu. Abin da kyamara ta yi wa Worthington shi ne rikoda ta yi wa masu tattara adabin baka. Ba mamaki da masana tarihin kimiyya biyu, Lorraine Daston da Peter Galison, suka buɗe littafinsu na 2007 mai suna Objectivity da labarinsa.

Abin da Hotunan Suka Nuna

Daga nan bai koma ga fensiri ba. Shi da Cole suka buga manyan maƙaloli biyu a 1897 da 1900, a 1908 kuma ya fitar da littafinsa A Study of Splashes, mai hotuna 197, ya sadaukar da shi ga ƙungiyar nan ta makarantar Rugby inda abin ya faro. Tartsatsin da ya yi aiki da shi a lokacin bai kai kashi uku cikin miliyan na sakan ba. Ya rubuta littafin da harshe mai sauƙi, ba tarin lissafi, don kowa ya iya karantawa.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin indararo, bisa ga hotunansa. Ɗigo in ya bugi ruwa yakan haƙa rami mai kamar ƙoƙo. Ruwan da aka ture sai ya tashi kewaye da ramin ya zama siririyar katanga, bakinta ya tsattsage ya yi yatsu, kan kowane yatsa kuma ɗan ɗigo ya tsinke. Wannan shi ne kambin da ake gani a hotuna. Sa'an nan katangar ta faɗi, ramin ya cike daga ƙasa da ƙarfi, har ruwan ya zarce ya tashi tsaye a tsakiya kamar ginshiƙi. Wannan ginshiƙi shi ne ɗan abin da ido kan iya hanga, mutane su ce ɗigon ne ya yi tsalle ya dawo. Don ya rarrabe ruwan ɗigo da na kwano, Worthington yakan saki ɗigon madara cikin ruwa, ya kuwa tarar maganar mutane ba ta rasa tushe ba, gama yawancin madarar a kan ginshiƙin take komowa. Har yau masana da sunansa suke kiran wannan ginshiƙi.

Abin da ke tsinka yatsun nan ya mai da su ɗige-ɗige shi ne ɗaurin da ke fuskar ruwa. Fuskar ruwa takan yi kamar wata 'yar yana da aka ja ta ɗame, kullum tana neman tsukewa. Ita ce ke ɗauke da ƙwarin da ke yawo a kan tafki ba su nutse ba, ita ce kuma ke dunƙule ɗigo.

In ɗigon babba ne kuma daga nesa ya faɗo, labarin yakan sake. Katangar takan yi tsawo har bakinta ya rufe a sama, ta kulle iska a ciki. Wannan ne asalin kumfar nan mai kamar ƙoƙon da aka kife, wadda kan yi ta yawo a kan ruwan tsakar gida in ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a kuwa ganinta in yayyafi ake yi.

Wani gwajin da ya ba shi mamaki na ƙwallo ne. In aka goge ɗan ƙwallon dutse ya yi sumul, aka sake shi daga kusa, sai ya shige ruwa salin-alin, ruwan ya lulluɓe shi kamar riga, kusan ba ƙara ba kumfa. In aka kankare wannan ƙwallo da samfefa ya yi kaushi, sai ya tura ruwan gefe, ya ja iska a bayansa, a ji ƙara, ginshiƙi ya tashi. Har ƙura kaɗan in ta hau mai sumul ɗin tana iya sa ya yi halin mai kaushi. A ƙarshen littafin kuma ya kawo hoton sulken ƙarfe irin na jirgin yaƙi wanda harsashin igwa ya huda. Bakin hudar ya tashi ya tsattsage, kamarsa ɗaya da kambin madara. Ƙarfe ma, in bugun ya kai, yakan fantsama kamar ruwa, sai dai shi a nan yake daskarewa. Ga mai koyar da injiniyoyin sojan ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

A 1902 gwamnatin Ingila ta ba shi lambar girma. A 1909 ya koma Kwalejin Sojan Ruwa ta Greenwich, bai daɗe ba ya yi ritaya. Ya mutu ran 5 ga watan Disamba, 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 64.

Amfanin aikinsa bayan ransa ya fi fitowa. A shekarun 1940 masu binciken aikin gona a Amurka, musamman W. D. Ellison, suka nuna cewa zaizayar ƙasa tun daga bugun ɗigo take farawa. Ɗigon ne ke farfasa ƙasa ya watsa ta, kafin ruwa mai gudu ya zo ya kwashe. Manomi ya san alamar, ko bai san sunanta ba: ita ce taɓon da kan fallatsa a gindin katanga da ganyen dawa na ƙasa bayan ruwa. Shi ya sa ƙasar da ke cikin daji irin na Kamuku, wadda ciyawa da busasshen ganye suka rufe, ba ta zaizayewa kamar wadda aka share aka bari tsirara. Masu ƙera injin buga takarda mai fesa tawada da masu feshin maganin ƙwari duk suna nazarin yadda ɗigo ke sauka. A 2005 kuma wasu masana a Jami'ar Chicago suka gano cewa in aka rage iskar da ke kewaye, ɗigon da ya faɗa kan busasshen gilashi sai ya baje lami lafiya ba tare da ya fantsama ba. Ashe iska na da hannu a cikin kambin.

Hoton ɗigon da duniya ta fi sani, duk da haka, ba na Worthington ba ne. Na wani Ba'amurke ne, Harold Edgerton, wanda aka haifa a 1903 ya mutu a 1990, malamin injiniyan lantarki a jami'ar MIT. Shi ne ya kyautata fitilar walƙiya mai haskawa sau da yawa a sakan ɗaya, wadda ta sa aka iya bin ɗigo guda daga farko har ƙarshe, abin da Worthington bai samu ba. Tun cikin shekarun 1930 Edgerton ke ɗaukar kambin madara, yana neman wanda yatsunsa za su fito daidai wa daida. Wanda ya ɗauka a 1957, farin kambi a kan jan faranti, shi ne ya shiga gidajen adana kayan fasaha da littattafan makaranta. Ko a cikinsa, in aka ƙura ido, yatsun ba su zama ɗaya ba, kuma Edgerton ya ci gaba da sakin ɗigon madara shekaru da yawa bayan haka.